Leɓen Jirgin Mahaifina

Masu iya magana kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na sha koyar da wannan karin magana a aji, in feɗe ta, in nuna wa ɗalibai sigarta da hikimar da ke cikinta, amma ban taɓa auna ta da kaina ba sai a shekarar 2022, sa'ad da na tsinci kaina tsugune gaban wani tsohon kwalekwale a Anacha, ga guduma a hannu, ban san ta inda ake farawa ba. Mahaifina masunci ne, ɗan masunci, jikan masunci. Ni kuwa malamin adabi ne wanda ko iyo bai ƙware ba. In wannan ba rarrafe ba ne, to mene ne sunansa?

Bari in ɗan koma baya, domin mai karatu ya san abin da ya kai Bahaushe da jirgi bakin kogi a ƙasar Ibo. Asalinmu Sarkawa ne na ƙasar Yawuri. Kakana ya gangaro Kogin Kwara cikin shekarun 1950, tun kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, wadda ta haɗiye tsohon garin Busa da duwatsun nan inda Mungo Park ya halaka a 1806. Ya bi kifi har ya wuce Lakwaja, inda Binuwai ke zuba, ya wuce Idah, ya zo ya yada zango a Anacha. A lokacin babu gada tsakanin Anacha da Asaba, sai a 1965 aka gama ta, saboda haka duk wanda ya mallaki jirgi ya mallaki hanya. Ya tarar da Hausawa da Nufawa sun riga shi zama a kusa da babbar kasuwa, wajen titunan da har yanzu ake kira Bida Road da Sokoto Road. A 1966, da ƙasa ta yamutse, ya tattara iyalinsa ya koma gida. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 da 'yan shekaru, mahaifina ya dawo shi kaɗai, ya kama ɗaki, ya kama sana'a, daga baya ya ɗauko mahaifiyarmu. A nan aka haife ni a 1980.

Sana'ar mahaifina biyu ce a haɗe, watau su da bandar kifi. Yakan fita tun kafin asalatu, ya dawo da hantsi da tarwaɗa da karfasa da kurungu, wani lokaci in an yi sa'a har da giwan ruwa. Abin da ba a sayar ɗanye a kasuwar Ose ba, sai a kawo bayan gida a banda. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na tashi ina jin kunyar wannan sana'a. Ƙarnin kifi yakan kama rigar makaranta, sabulu ba ya fitar da shi, yara kuwa ba su iya rufa wa juna asiri ba. Da aka kai ni arewa karatun sakandare sai na ji kamar an kwance mini dabaibayi. Can ma ban tsira ba, domin an laƙaba mini suna ɗan Anacha, ana dariyar yadda nake jefa kalmomin Ibo cikin magana. Watakila wannan dariya ce ta tura ni nazarin Hausa har na kai inda na kai, don in nuna wa mutane cewa harshen nawa ne. Ko ma mene ne dalili, na ba kogi baya, na fuskanci littafi.

A 1994 mahaifina ya sayi jirgin da nake ba da labari. Sassaƙaƙƙe ne daga gungume guda na itacen loko, wanda mutanen kudu ke kira iroko, tsawonsa ƙafa 24, an sassaƙo shi a wani ƙauye na bakin Kogin Anambara. Masassaƙi gangar jiki kawai yake yi. Wanda ya ɗora masa leɓe, wato katakon da ke bin bakin jirgi dama da hagu tun daga goshi har gindi, ya kuma sa masa katakan gicciye na zama, wani kafinta ne Ibo, aminin mahaifina, wanda duk gidanmu muke kira Baba Kafinta. A Sabon Garin Kano aka haife shi, a can ya koyi kafinta, kuma a shekarar da kakana ya gudu daga Anacha ya nufi arewa, a shekarar shi ma ya gudu daga Kano ya nufi kudu. Su biyun, shi da mahaifina, sukan ce jirgi ɗaya ya kwaso su. Hausarsa Kananci ce ta da, mai daɗin ji, irin wadda yanzu ko a cikin birni sai an tona.

A watan Fabrairu na 2006 rikici ya tashi a Maiduguri kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Denmak, aka kashe mutane. Da labari ya iso Anacha sai ramuwar gayya ta tashi, aka kashe mutane, aka ƙone masallacin Bida Road. Jini ya zuba can, ya zuba nan, kuma a duka wuraren biyu waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ne suka biya. Ina arewa a lokacin. Abin da aka gaya mini shi ne, da dare ya yi, mahaifina ya zuba iyalinsa cikin wannan jirgi ya haye da su Asaba, tare da babban ɗan Baba Kafinta, wanda ya komo da jirgin shi kaɗai kafin gari ya waye. Daga Asaba mahaifina ya wuce Yawuri. Yayana ya koma Anacha bayan wata biyar ya ci gaba da kasuwanci, amma shi tsohon bai sake taka garin ba har Allah ya karɓi ransa a 2021. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan sadakar arba'in da 'yan watanni sai ga saƙo daga Baba Kafinta, cewa akwai amana a hannunsa, yana so magada su zo su karɓa tun yana da sauran numfashi. Na yi ta jinkiri, yau jarrabawa, gobe taron sashe. Sai ga yajin aikin malaman jami'o'i ya fara ran 14 ga Fabrairu, 2022, wanda ya ɗauki wata takwas cur. Uzuri ya ƙare. A watan Afrilu na kama hanya.

Na same shi a gidansa da ke kan hanyar Atani, cikin ƙaramar hukumar Ogbaru, kudu da Anacha, inda ƙasa take kwance dab da kogi. Ya tsufa, hannu na rawa, ido ya yi hazo. Bayan mun gaisa, mun yi wa juna ta'aziyya, sai ya aika jikarsa ta ɗauko wani littafin rubutu na 'yan firamare wanda bangonsa ya yi laushi don shafa. A ciki ya rubuta, shekara bi shekara tun 2006, abin da jirgin ya samo na haya, da abin da aka kashe wajen gyara, da abin da ya aika wa mahaifina, da ranar da ya aika. Ragowar da ta taru bayan rasuwa tana ɗaure cikin leda. Ya ce, “Ɗana, ƙirga a gabana. Kuɗi ba ya son kunya.” Na ƙirga, bai ɓace ko kwabo ba. Na rasa abin faɗi, sai godiya.

Sa'an nan ya kai ni bayan gida. Ga jirgin nan a kife kan gumagumai ƙarƙashin rumfar kwano, shekara huɗu ke nan rabonsa da ruwa. Muka sa samari suka birkice shi. Gangar jikin lafiya lau take, domin loko ba ya saurin ruɓa, gara ma ba ta cika sonsa ba. Amma leɓen ya mutu. Wani wuri in ka danna da yatsa sai ya lotsa, wani wuri ya ɓalle ya bar ƙusoshi tsirara sun yi tsatsa. Katakan gicciye biyu cikin uku sun karye, ga kuma wata tsaga mai tsawon kamu ɗaya a goshi.

A nan ne wani tunani ya zo mini, wanda yanzu nake jin nauyin faɗinsa. Na ce a raina, zan sa a yi masa leɓe na ado da katako mai kyaun launi, a shafa masa banish ya riƙa ƙyalli, in ɗauki hayar mota in kai shi gidana na arewa, in girke shi a tsakar gida. Baƙi su zo su gani, in riƙa ba su labarin Sarkawa. Watau sana'ar da na guje wa tana da rai, ita nake so in yi ado da gawarta.

Da na shawarci 'yan'uwa sai baki ya rabu. Kawuna da ke Inugu, wanda ya shafe shekaru yana dillancin dabbobi a Gariki ta Awkunanaw, cewa ya yi a sayar a raba kuɗi. Ra'ayinsa a kullum shi ne Bahaushe a kudu kada ya mallaki abin da ba zai iya ɗauka a ka ya gudu da shi ba. Abin mamaki, shi ne kuma mutumin da ba ya gajiya da ba mu labarin Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato da mutanen Inugu suka zaɓa ya zama magajin garinsu na farko cikin shekarun 1950. Duka maganganun biyu a bakinsa suke zaune, kuma ban ga laifinsa ba, domin duka biyun ya ga shaidarsu. Yayana kuwa cewa ya yi shi albasa yake sayarwa, ba ruwansa da jirgi, amma rumfar da mahaifinmu ke banda a bayan gida tana nan babu kowa, in ina so in yi wasana a ciki. Baba Kafinta ya saurari shirina har na gama, bai ce kyau ba, bai ce muni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Gyara tukuna, maganar inda zai zauna ta biyo baya. Amma ni hannuna ya ƙare. Kai za ka yi, ni in zauna in duba.” Na ce, “Baba, ni fa alli kawai na iya riƙewa.” Ya ce, “To, da alli ake fara aikin katako, Dakta.”

Aka ɗora jirgin a mota aka kawo unguwarmu, samari goma sha biyu suka shigar da shi lungu da ƙyar. Aikin farko shi ne cire tsohon leɓe. Kwana huɗu na yi ina zare ƙusoshi, kuma a nan na fara karatu. Duk inda aka yi gyara daga baya da ƙusar ƙarfe ta gini, tsatsa ta kumbura ta tsaga itacen, ruwa ya sami hanya, wurin ya yi baƙi ya ruɓe. Inda kuwa ƙusoshin Baba Kafinta na asali suke, na tagulla, itacen na nan garau bayan shekara 28. Irin waɗannan ƙusoshi ba a cika samunsu a Anacha ba. Sai na buga wa wani ɗan ƙanen mahaifiyata waya a Fatakwal, ya je bakin ruwa wajen masu ƙera jiragen da ke zirga-zirga zuwa Bonny da Nembe. Su da yake da ruwan gishiri suke fama, wanda ke cin ƙarfe kamar wuta, sun fi kowa sanin ƙusar da ke jure ruwa. Ya auno mini, ya ba direban motar haya ya kawo.

Sai sayen katako. Muka je Ogbo Osisi, kasuwar katako da ke gindin gada, ni da tsohon, yana dogara sanda. Idona ya faɗa kan wani jan katako mai zane kamar an rina, irin madobiya. Ya ko kalle shi bai yi ba. Ya ce katakon da jijiyarsa ta murɗe, shi ya fi kyaun gani, shi ya fi saurin karyewa in an zo tanƙwarawa. Ya riƙa bin tulin loko ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya ya hangi tsawonsa, ya shafa da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa ya saurara. Abin da yake nema shi ne mai miƙaƙƙiyar jijiya, marar ƙulli, wanda aka yanko daga zuciyar itace ba daga farin gefen da ke kusa da ɓawo ba, domin farin nan shi ƙwari ke fara ci. A cikin katako fiye da talatin, biyar ya yarda da su. Ya gaya mini cewa a zamanin da aka sassaƙa jirgin mahaifina ana samun gungumen da mutum uku ba za su iya rungumewa ba. Yanzu irin waɗannan itatuwa sun yi wuya, shi ya sa yawancin jiragen da ake gani a kogi na haɗin katako ne, ko kuma na faiba.

Na ɗauka washegari za a fara bugu. Ashe da sauran jira. Muka sa aka tsaga katakan sirara, faɗin inci biyu, kaurin inci ɗaya, aka jera su a inuwa, aka sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, aka danne da duwatsu. Mako shida suka yi a haka. Dalili kuwa shi ne ɗanyen katako yana tsukewa in ya bushe, kuma ta faɗi yake tsukewa ba ta tsawo ba, saboda haka in ka buga shi da ɗanyensa, bayan wata biyu sai ka ga ya ja jiki ya bar kafa. A cikin wannan jira na koyi wasa cizal, na koyi riƙon zarto, na cike tsagar goshi da auduga da narkakkiyar kwalta. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya yi kanta.

Ranar da aka fara ɗora leɓe ita ce ranar da na fi jin kunya. Tsohon bai zo da wuri ba, ni kuma na ƙosa. Na kafa kan katako a goshin jirgi, na kama ɗaya kan na ja shi da ƙarfi don ya bi lanƙwasar jirgin. Sai ji na yi ƙas! Ya karye biyu, tsinin ya yanke ni a dantse. Ga babu albashi, ga katakon da aka yi mako shida ana jira. Da ya iso ya ga aika-aikar, bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ku malamai kuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. To wanda ya riga ya bushe fa, a yar da shi?” Ya sa aka hura wuta, aka tafasa ruwa a tukunyar da mahaifiyata ke dafa abincin suna. Aka naɗe katakon da tsofaffin buhunan algarara, aka riƙa kwarara masa tafasasshen ruwa kusan awa guda. Zafi da laima suna sassauta jijiyar itace ta yi laushi na ɗan lokaci, in ta huce kuma sai ta riƙe siffar da aka ba ta. Sa'an nan ya nuna mini cewa ba daga goshi ake farawa ba, daga tsakiya ne, inda jirgi ya fi faɗi, a riƙa bi sannu zuwa kowane ƙarshe. Ba mu da abin matsi na ƙarfe, sai muka yi dabarar mutanen da: a zagaya igiya, a soka ɗan sanda a murɗa har ta ɗame. In an matsa kamu ɗaya a dama, sai a koma a matsa kamu ɗaya a hagu, domin in aka gama gefe guda kafin a taɓa ɗayan, katakon zai ja jirgin ya karkace, kuma karkataccen jirgi har abada ba ya tafiya sak.

Leɓen nan biyu ne a kowane gefe, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki, bakin jirgin yana tsakiyarsu. Kowace ƙusa sai an fara huda mata hanya, in ba haka ba loko tsagewa yake yi. Ta ratsa na waje, ta ratsa jikin jirgi, ta ɓullo ta na ciki, sa'an nan a tokare kanta da ƙarfe a lanƙwashe tsinin ya koma cikin itace. Da yake babu katako mai tsawon ƙafa 24, dole a yi haɗi. Ni da na so in gama baki da baki kawai. Ya ce a'a, sai an fiƙe kowane kai a karkace, tsawon fiƙar ya kai kaurin katakon sau takwas, a ɗora ɗaya kan ɗaya su zama kamar abu guda. Ya kuma hana a sa haɗin dama daura da na hagu, ko na ciki daura da na waje, don kada rauni ya taru wuri ɗaya. Haɗi huɗu na yi. Uku sun zauna. Na huɗun, na gefen hagu wajen gindi, ya bar 'yar kafa da tsinken tsintsiya zai shiga. Na cusa kwalta na rufe, na yi shiru. Da ya zo ya bi leɓen da hannu, idon da ba ya gani sosai, yana isa wurin ya tsaya. Ya ce, “Nan ka gaji.” Bai ƙara ba.

Wajen katakan gicciye ma mun yi gardama. Na so in ɗaga su sama don zama ya yi daɗi, in kuma ƙara wani faffaɗan katako mai sassaƙar ado a goshi. Ya ce duk nauyin da ka ɗora a saman jirgi, bashi ne ka ci, kogi zai zo karɓa. Mazauni in ya yi tudu, jirgi sai ya riƙa rawa, ƙaramar igiyar ruwa ta kifar da shi. Banish ma ya hana, ya ce rana za ta ɓare shi cikin wata uku, jiƙaƙƙen hannu kuma santsi yake yi a kansa. Fentin mai muka shafa, shafi biyu, shuɗi irin wanda mahaifina ke so.

A hankali na gane cewa abin da na ɗauka ado ne, shi ne ke riƙe da jirgin. Leɓe da gicciye su ke hana bakin jirgi buɗewa ko tsukewa. Leɓe ke shan gogar filafili da gwangwala da igiyar taru. Shi ke karɓar duka in an yi karo da gaɓa ko da wani jirgi. Shi ke rufe bakin itacen kada ruwan sama ya shiga ta nan. Shi mai hawa ke fara kamawa, shi kuma wanda ya faɗa ruwa ke miƙa hannu ya damƙa. An yi shi ne don ya ci wuya ya mutu a sake wani, gangar jiki ta tsira. Ina buga ƙusa ina tunanin mutanenmu na Anacha da Inugu da Fatakwal, da kuma 'yan'uwan Baba Kafinta na Sabon Garin Kano da Zariya da Jos. Duk ranar da ƙasar nan ta yi karo, su ke fara jin dukan. In an zauna lafiya kuwa ba mai tunawa da su, sai dai a yi musu dariyar harshe.

Mun gama a tsakiyar Satumba. Muka kai shi gaɓa muka nutsar da shi kwana uku don itacen ya sha ruwa ya kumbura, ƙananan kafofi su rufe. Lokacin nan kogi ya riga ya fara cika fiye da yadda aka saba. Damina ta yi ƙarfi, an kuma saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Kafin ƙarshen wata Lakwaja ta nutse, ruwa ya gangaro. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Ogbaru na cikin wuraren da abin ya fi muni. Ran 7 ga Oktoba wani jirgi mai inji, maƙare da masu gudun ruwa, ya kife a Umunnankwo, rahotanni suka ce mutum 76 sun halaka.

Tun kafin wannan rana ruwa ya shiga gidan Baba Kafinta har ƙugu, hanyar Atani ta yanke. Ɗansa, wanda ya komo da jirgin a 2006, ya zo unguwarmu da sassafe. Bai roƙa ba, ni ma ban jira ya roƙa ba. Muka shiga mu uku, shi a gindi da gwangwala, ɗan yayana a goshi da filafili. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya filafilin, sai ɗan yayan nawa ya ce, “Baffa, bar wannan, ga naka.” Ya miƙo mini ƙwarya. Aikina shi ne kwarfe ruwa. Kwana uku muna jigila, mutum shida a kowane sawu ban da mu, tsohon ya hana a ƙara ko jariri ɗaya duk da roƙon da ake yi, ko da yake hakan ya sa wasu sun jira har dare a kan rufin ɗaki. Mun kwashe iyalinsa da maƙwabta da awaki da buhunan garin rogo zuwa tudu. Shi ne na ƙarshe da ya yarda ya shiga. Na lura duk wanda zai hau, tsoho ko yaro, leɓen nan yake fara damƙa. Haɗin nan nawa na huɗu kuwa, tun rana ta biyu ya buɗe, duk sa'ad da igiyar ruwa ta bugi gefen hagu sai ya tsarto mini ruwa a cinya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ran 14 ga Oktoba aka janye yajin aiki, aka kira mu aji. Kafin in taso na je sallama a makarantar firamaren da aka tsugunar da su. Ya ce, “To Dakta, yaushe motar ɗaukar jirgi za ta zo?” Na ce, “Baba, na fasa.” Ya yi murmushi ya ce da ma busasshiyar iskar arewa tsaga shi za ta yi kafin hunturu biyu. Na sanar da magada, muka daidaita: jirgin ya zauna a Anacha a hannun ɗansa da ɗan yayana, su yi aiki da shi, a ci gaba da rubutu a littafin nan. Kawuna na Inugu bai ji daɗi ba, kuma har yanzu yana ganin wauta muka yi. Mai yiwuwa wata rana zance ya zama nasa, Allah ya kiyaye. Ni dai abin da na sani shi ne, sau biyu jirgin nan yana fitar da mutane daga halaka, sau ɗaya Hausawa, sau ɗaya Ibo, kuma da yana girke a tsakar gidana da bai yi na biyun ba.

A 2023 aka buɗe gada ta biyu a kan Kwara, motoci na wucewa ta sama ba tare da sun shiga Anacha ba, matafiyi ba ya ko ganin ƙananan jiragen da ke ƙasa. Ni kan sauka. Na koma da babban ɗana a hutun ƙarshen shekara, muka cire haɗin nan na huɗu muka sake shi, shi yana riƙe ni ina fiƙa. A wannan karon tsinken tsintsiya bai shiga ba. Da yamma ɗan yayana ya ɗauke shi suka shiga kogi, ya dawo rigarsa na ƙarnin kifi, yana ta shinshinawa yana yamutsa fuska. Na ce masa ya bar ta haka har mu isa gida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa masu riƙon amana da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.